Wai zuma ma tana tayar da suga?

Ummu_Haidar_BK:
Assalamu alaikum 'yan gida, don Allah masu sani a taimaka min da bayani. Innarmu ce aka auna aka ce tana da ciwon suga, tun daga ranar ta yanke sukari kwata-kwata, ba ta sa wa a shayi ba ta sa wa a koko, lemon kwalba kuwa ko kallonsa ba ta yi. To sai kawunmu ya aiko mata da zuma daga ƙauye ya ce ita za ta koma wa tunda zuma magani ce, yanzu da safe cokali biyu a koko da daddare kuma a shayi. Amma mun sayi 'yar na'urar nan ta awo, in mun gwada da safe kafin ta sa komai a baki sai mu ga 190, wata rana ma ya haura 200. Ni abin da ya ɗaure min kai ina sugan yake fitowa tunda sukarin an daina? Zumar ce ko tuwon ne? Don kun san halinmu, tuwon shinkafa ne rana da dare.

Ɗan_Argungu01:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba Inna lafiya. Zuma ta gaskiya ba ta tada suga, wadda 'yan kasuwa ke dafa sukari su gauraya ita ce matsalar. Ku fara binciken zumar tukuna.

Hajiya_Kulu_Jega:
Ɗiyata zuma na tada shi, ni shaida ta. Na daɗe da wanga ciwo, kuma zumar da ni sha ba ta kasuwa ba ta, gaban idona anka hiddo ta daga amya. In na sha da sahe na auna bayan awa biyu sai in ishe ya hau. Tun sannan ni bar ta sai dai lasa. Allah shi ba Innarku lahiya.

Malamin_Bayoloji_Aliero:
Bari in ɗan warware abin daga tushe. Abin da muke kira sukari ba abu ɗaya ba ne. Akwai guda uku da su ne mafi ƙanƙanta a abincinmu, hanji ba ya ƙara farfasa su, a haka suke wucewa cikin jini, su ne gulukos da furuktos da galaktos. Dukkansu in aka ƙirga abin da ya haɗa su daidai suke, kabon 6, haidirojin 12, oksijin 6, jerawar ce ta bambanta, kuma ɗan wannan bambancin ne ya sa jiki ke bi da kowanne ta hanyarsa. Sukarin da muke sayowa a shago na ƙwaya ko na gari sunansa sukros, gulukos ɗaya ne manne da furuktos ɗaya, da ya isa ƙaramin hanji ake raba su. Ita kuwa zuma ƙudan ne suka riga suka yi wannan rabawar da kansu, shi ya sa in aka auna ta ana samun kusan kashi 38 cikin 100 furuktos ne, kusan 31 gulukos, ruwa wajen 17, ragowar 'yan ƙananan abubuwa. Wato abin da ke cikin sukarin shago shi ne dai a cikin zuma ko da babu wanda ya gauraya mata komai. Babban cokali ɗaya na zuma yana ɗauke da wajen giram 17 na sukari, cokalin shayi na sukari kuma giram 4 ne, kin ga in babban cokali Inna ke sa wa, biyun nan sun haura cokalin shayi 8 na sukari.

Sai tuwon. Shinkafa, gero, dawa, masara, rogo, dankali, duk sitaci ne, shi kuma sitaci kamar carbi yake, kowace ƙwaya gulukos ce an jera su ɗaruruwa a zare. Tun a baki yawu ke fara tsinke zaren, ki gwada tauna farar shinkafa ba miya ki daɗe ba ki haɗiye ba za ki ji ɗan zaƙi na fitowa, kafin ta bar ƙaramin hanji kuwa ta koma gulukos zalla. Don haka amsarki duka biyun ne, zumar da tuwon, har da kokon kansa.

MaiZuma_Kamba:
Malam da girmanka amma ban yarda ka haɗa zuma da sukarin shago ba. Allah da kansa ya ambace ta a Suratun Nahli ya ce a cikinta akwai waraka ga mutane. Sana'ata ke nan tun ina yaro, na ga masu tari da masu ƙuna da masu gyambo da suka samu sauƙi da ita da idona. Ya za a yi a ce daidai take da abin da aka tace a kamfani?

Abu_Sumayya_Gwandu:
@MaiZuma_Kamba ayar gaskiya ce babu mai ja, aya ta 69 ce a surar. Amma ayar ba ta yanka wa mai ciwon suga cokali nawa zai sha ba, kuma kowane magani yana da gwargwado da wanda ya dace da shi. Malam bai ce ba ta da amfani ba, abin da ke cikinta ya faɗa mana.

Malamin_Bayoloji_Aliero:
Hakane Abu Sumayya. Alhaji mai zuma ban raina sana'arka ba wlh, zuma tana hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa a ciwo, har likitoci na amfani da wadda aka tanada musamman wajen wankin gyambo, kuma tana lafar da tari. Tana ma ɗan fi sukari jinkirin tada awo saboda furuktos ɗinta ya fi yawa, amma tazarar ba ta kai a ce mai ciwon suga ya saki jiki da ita ba. Tunda an zo nan kuma, jaririn da bai cika wata 12 ba kada a lasa masa zuma, akwai ƙwayar cutar da kan iya zama a cikinta wadda hanjinsa bai yi ƙwarin da zai kare kansa daga gare ta ba.

Nas_Hadiza_Yauri:
Ummu Haidar ni ma'aikaciyar jinya ce, ki ji ni da kyau 'yar uwa. Awon safe kafin a ci abinci na mai lafiya yana tsakanin 70 zuwa 99, daga 100 zuwa 125 an ce mutum na bakin ƙofa, 126 zuwa sama in ya maimaitu shi ne ciwon suga. Wasu na'urorin da wani ma'auni suke nunawa, a can 126 ɗin shi ne 7.0, don haka kowa ya duba irin tasa. 190 da 200 da safe ya yi yawa sosai kuma ba abin da za a tsaya ana gyarawa da abinci kaɗai a gida ba ne. Ba ki faɗa mana ba, an ɗora ta a kan magani? Tana sha kan lokaci? Ku koma asibiti da littafin da kuke rubuta awon, ku roƙi a yi mata gwajin HbA1c, shi yana nuna yadda sugan ya zauna a jini wajen wata uku baya ba na rana ɗaya ba. Sannan wani abu da mutane ba su sani ba, awon safe ba tuwon jiya kaɗai yake nunawa ba, hanta ce ke sako gulukos cikin dare, a jikin mai ciwon suga kuma tana sakowa fiye da kima don insulin, wato sinadarin jiki mai saukar da suga, wanda zai tsawatar mata bai isa ba ko ba ta jin maganarsa. Shi ya sa za ki ga tsohuwa ta kwana da yunwa don tsoro amma da safe awo na sama. Don Allah kada ku bar ta ta riƙa ƙin cin abinci.

Ɗalibin_Kimiyya_Kalgo:
Anti Hadiza ta taɓo inda muke karantawa a wannan zangon. Duk jinin babban mutum gaba ɗaya gulukos ɗin da ke yawo a ciki a lokaci guda bai wuce giram 4 zuwa 5 ba, wato kusan cokalin shayi ɗaya, amma ƙwaƙwalwa kaɗai tana cin wajen giram 120 a yini, jajayen ƙwayoyin jini kuwa ba su da wani makamashi sai shi. To don kada ya yanke, in an ci abinci fankiriyas da ke bayan tumbi sai ya saki insulin, tsoka da kitse su ɗebi gulukos, hanta ta ɗaure wani ta adana a matsayin gilaikojin, hanta na riƙe wajen giram 100, tsokoki wajen 400. In an jima ba a ci ba sai wani sinadarin mai suna gulukagon ya sa hanta ta kwance ajiyar, in ta yi ƙasa kuma hantar ta ƙera sabon gulukos daga furotin da wasu abubuwan. Wani Bafaranshe Claude Bernard ne ya gano wannan ajiyar ta hanta a 1857. A cikin ƙwayar halitta kuma gulukos na bin matakai 10 a tsaga shi gida biyu a samu ATP 2, wato makamashin da jiki ke aiki da shi, in akwai isasshen oksijin aka ƙarasa ƙona shi a maitokondiriya, wato injin makamashi na cikin ƙwayar, sai a tashi da wajen 30 zuwa 32, abin da ya rage ruwa ne da iskar da muke fitarwa in mun numfasa. ATP ɗin nan shi ne abin da zuciya ke bugawa da shi.

Baban_Khalifa_Suru:
Ɗan makaranta ka sauko ƙasa mu manoma mu gane. Ni tambayata guda ta, iyayenmu da kakanninmu tuwon shinkafa da fura sunka ci har sunka tsufa, malmala uku mutum ka tashi da ita, mi ya hana su wanga ciwo?

Ɗalibin_Kimiyya_Kalgo:
Baba ai amsar na hannunka. Wanda ya ci malmala uku ya wuce fadama ya wuni yana dashe ko yankan shinkafa, tsokarsa na zuƙe gulukos daga jini, kuma tsokar da ke aiki tana iya ɗaukarsa ko insulin bai yi yawa ba. Yanzu kuwa a ci malmala ukun a hau mashin a je shago a zauna har la'asar ga lemo mai sanyi a gefe. Shinkafar ma ta da sussuka ce da turmi da sauran dusa a jikinta, ta yanzu inji ya goge ta fes. Sannan da can ba a awo, wasu sun yi ciwon an kira shi da wani suna, akwai kuma gado a ciki.

Zainab_Bunza:
Gaskiya maganar da can ba a awo hakane. Kakarmu ta wajen uba an ce kafin rasuwarta kullum ƙishirwa da yawan fitsari ga rama, kuma in ta yi fitsari a bayan ɗaki kiyashi ke taruwa a wurin, mutane suka ce sammu ne.

Nas_Hadiza_Yauri:
Allah ya jiƙanta Zainab. Kiyashin nan alama ce sananniya, ƙoda tana mayar da gulukos cikin jini ne ba ta barinsa ya fita, amma in ya haura wajen 180 sai ya fi ƙarfinta ya zubo cikin fitsari, yana fita kuma yana jan ruwa, shi ne yawan fitsarin da ƙishirwar. Tunda akwai shi a gidanku ke ma ki riƙa aunawa lokaci-lokaci.

Sadiq_BK:
To ni ina da tambaya, Malam ya ce furuktos ba ya saurin tada awo, me zai hana masu ciwon su koma masa kawai?

Malamin_Bayoloji_Aliero:
Tambaya mai kyau Sadiq, an taɓa yin wannan tunanin har aka riƙa sayar wa masu ciwon suga shi. Matsalar ita ce gulukos kusan kowane sashe na jiki yana amfani da shi, shi kuwa furuktos hanji da hanta ne ke ɗaukar nauyinsa, kuma in ya shigo da yawa lokaci ɗaya hanta ba ta da birkin da take da shi a kan gulukos, wani ta mayar gulukos wani gilaikojin wani kuma kitse. A daɗe ana haka sai kitse ya taru a hanta, maiƙon jini ya hau, sinadarin da ke kawo ciwon gaɓɓai mai kumbura babban yatsan ƙafa shi ma ya ƙaru. Na'urar awo ta gida kuma gulukos kaɗai take gani, don haka rashin ganinsa a awo ba ya nufin ba ya aiki a ciki. Inda ake shan sa da yawa shi ne lemon kwalba da zoɓo da kunun zaƙi da aka labta wa sukari, Coca-Cola kwalbar roba ta 50cl tana da sukari sama da giram 50. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2015 ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na abin da mutum ke samun ƙarfi da shi a yini, in ya sauka ƙasa da kashi 5 ya fi, wato wajen cokalin shayi 6, kuma a lissafinsu sun sa zuma da ruwan 'ya'yan itace da aka matse. Gwamnatinmu ma dokar kuɗi ta 2021 ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan lemukan.

Maman_Twins_Zuru:
Innalillahi, har da mangwaro da kankana ke nan? Mu lokacin mangwaro yara a bokiti suke sha.

Malamin_Bayoloji_Aliero:
A'a Maman Twins kada ki hana su. Wanda aka ci da ɓargonsa da zarensa a hankali yake shiga jini kuma yana cika ciki, ba ya cikin wancan lissafin. Wanda aka matse aka tace ne ake magana. Mai ciwon suga dai shi zai ƙayyade, ɗan madaidaici ɗaya ba bokiti ba.

Ɗan_Argungu01:
Ni fa har yanzu ina nan kan bakana, a gwada zumar. A ɗiga a ruwa in ta nutse ba ta narke ba ta gaskiya ce, ko a shafa a ashana a ƙyasta.

MaiZuma_Kamba:
Wannan gwaje-gwajen ba su da tabbas ɗan uwa, zumar damina da ta rani ma kaurinsu ba ɗaya ba ne, kuma ta gaskiya takan daskare ta yi tsakitsaki mutane su ce sukari aka sa alhali ba haka ba ne. Ka san mai sayar maka kawai.

Ɗalibin_Kimiyya_Kalgo:
Daskarewar nan gulukos ɗin cikinta ne ke fita daga ruwa ya zama ƙwaya, zumar da gulukos ɗinta ya fi yawa ita ta fi saurin yi.

Inna_Wuro_Kalgo:
Ku ba ku yi maganar nono ba, shi ma da suga a ciki? Surukata tana da ciwon kuma fura da nono ce abincinta na rana, ba ta iya wuni ba ta sha ba.

Nas_Hadiza_Yauri:
Akwai amma ba mai yawa ba. Sukarin madara sunansa laktos, gulukos ne haɗe da galaktos ɗin da Malam ya ambata, madarar shanu na da wajen giram 5 a cikin mililita 100, nonon uwa wajen 7, yana ma cikin manyan abubuwan da ke ba jariri makamashi. Galaktos in ya shiga hanta ke juya shi ya bi hanyar gulukos. In nono ya kwana ya yi tsami ƙwayoyin da ke sa shi tsami sun cinye wani ɓangare na laktos ɗin, shi ya sa wanda madara ke sa wa kumburin ciki da gudawa sau da yawa kindirmo ba ya damunsa sosai. A kwanon surukarki abin dubawa shi ne yawan furar da kuma sukarin da ake zubawa, a rage fura a bar nono ya fi yawa, sukari kuma a bar shi.

Sadiq_BK:
Ni kam madarar gari in na sha cikina kamar ana yaƙi, amma abokina Bafulatani kofi biyu yake shanyewa na sabon tatsa ko gezau.

Ɗalibin_Kimiyya_Kalgo:
Gado ne Sadiq. Yawancin mutanen duniya sinadarin da ke raba laktos a hanji yana raguwa bayan yaye, amma al'ummomin da suka daɗe suna kiwo irin Fulani da yawansu yana zama musu har girma.

Alh_Mamman_Dillali:
Ku bar dogon turanci, maganin zaƙi ɗaci ne. A samu shuwaka da ganyen dogon yaro a jiƙa ta riƙa sha safe da yamma, sukari kuma ta koma mazarƙwaila tunda ita ba ta bi ta inji ba. Tuwo kuma na alkama ko acca.

Hajiya_Kulu_Jega:
Alhaji mazarƙwaila ai ruwan rake na anka dahe har ya daskare, mi ya raba ta da sukari? Tuwon alkama kuma na ci shi har ya gundure ni, in na cika kwano awo hawa yakai. Abin da ni gani da idona shi na, rage malmala, yawaita miyar ganye, zogale ko kuka ko rama, ga wake ga kihi tunda Allah ya hore muna shi, in na ci in ɗan zagaya gida.

Nas_Hadiza_Yauri:
Hajiya ta gama magana. Rake da mazarƙwaila sukros ne, alkama da acca sitaci ne, wanda ba a cire wa dusa ba ya ɗan fi amma yawan da aka ci shi ne kan gaba. Jiƙe-jiƙe kuma Alhaji don Allah a yi hattara, ɗaci a harshe ba ya goge gulukos a jini, kuma muna karɓar mutanen da suka ajiye maganin asibiti suka koma jiƙo sai an kawo su ƙafa ta ruɓe ko ƙoda ta taɓu. Kafin a gano insulin a Toronto ta Kanada a 1921 yaran da ke kamuwa da nau'in farko na ciwon nan ba sa daɗewa a duniya duk da ganyayen da ke ko'ina, a watan Janairun 1922 aka fara yi wa wani yaro allurar ya tashi.

Hajiya_Kulu_Jega:
Wani abu kuma ɗiyata Ummu Haidar, kada ku kore sukari daga gida baki ɗai. Wata rana na sha maganina da sahe munka tahi gidan biki ban karya ba, ana cikin kamu sai ni ji hannuwana na rawa, zuhwa ta jiƙa min ɗankwali, ina ganin mutane biyu-biyu, magana ma ta ƙi hita daidai. Allah ya sa wata ƙawata ta san abin ta amso lemu ta ba ni, kahin a jima na dawo hayyacina. Yanzu ƙwayar sukari na cikin jakata duk inda za ni.

Nas_Hadiza_Yauri:
Wannan shi ne faɗuwar suga kuma ya fi hawan saurin kisa. In awo ya yi ƙasa da 70 ko aka ga alamun da Hajiya ta faɗa, a ba mutum wajen giram 15 na sukari mai saurin shiga, cokalin shayi 3 zuwa 4 a ruwa ko rabin kofin lemo ko babban cokali ɗaya na zuma, a jira minti 15 a sake aunawa, in ya dawo a ba shi abinci. In ya suma kada a ɗura masa komai a baki a garzaya asibiti. Masu allurar insulin da masu shan maganin suga na gilibenkilamaid sun fi shiga wannan haɗarin. Yara masu zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ma sugansu muke fara dubawa a asibiti don yana faɗuwa.

MaiZuma_Kamba:
To kun gani, ga inda zuma ta yi rana ko a wajen mai ciwon sugan.

Abu_Sumayya_Gwandu:
Ta yi rana ne don tana tada sugan da sauri Alhaji, wanda shi ne abin da Ummu Haidar ta tambaya tun farko.

Maman_Twins_Zuru:
Ni ma bari in tambaya tunda ana maganar amfaninsa, me ya sa ake sa sukari a ruwan gishiri da sukari na masu gudawa? Na ɗauka don yaro ya yarda ya sha ne.

Ɗalibin_Kimiyya_Kalgo:
Ba don ɗanɗano ba ne Anti. A bangon hanji akwai wata kafa da ba ta ɗaukar gishiri sai tare da gulukos, in sun shiga tare ruwa ya bi su, kuma wannan kafar tana aiki ko ana cikin amai da gudawa. Shi ya sa awon ke da muhimmanci, lita 1 ta ruwa mai tsabta, cokalin shayi 6 na sukari a shafe ba tozo, rabin cokalin shayi na gishiri. In sukarin ya yi yawa gudawar ƙaruwa take, don haka lemon kwalba ba ya maye gurbinsa. In akwai na sacet a kemis ya fi.

Ummu_Haidar_BK:
Na gode ƙwarai 'yan uwa Allah ya saka da alheri, na karanta duka har na karanta wa Inna wasu. Anti Hadiza eh an ba ta metformin amma gaskiya ba kullum take sha ba, ta ce yana dama mata ciki, kuma tunda ga zuma tana ganin ta wadatar. Cokalin kuma babba ne na cin abinci. Mun yi magana da yayanmu zai kai ta asibiti ranar da likitan suga ke zama. Abin da ta fi damuwa da shi yanzu azumi, ta ce ita ba ta taɓa buɗa baki ba dabino ba.

Nas_Hadiza_Yauri:
Damun cikin nan sananne ne a farko, a sha shi tare da abinci ko bayan an ci, ku faɗa wa likita yana iya rage mata ya riƙa ƙarawa a hankali ko ya canja mata nau'in da ke narkewa sannu, amma kada ta daina da kanta. Maganar azumi ku yi ta da likita tun kafin watan ya kama don akan canja lokutan magani. Dabino busasshe fiye da rabinsa sukari ne, yawanci gulukos da furuktos, ɗaya ko biyu da ruwa wajen buɗa baki ba shi ne matsala ba, matsalar a bi shi da kunu mai sukari da zoɓo da ƙosai da tuwo a zama ɗaya. Ana cikin azumi in awo ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300 shawarar likitoci a karya. Tsinken awon kuma ku rufe robarsa ku ajiye inda ba zafi, zafinmu na Maris da Afrilu yana lalata shi ya riƙa ba da lamba ba daidai ba.

Abu_Sumayya_Gwandu:
Kuma huda yatsa don awo ba ya karya azumi a fatawar malamai da dama, mara lafiya kuwa Allah ya yi masa rangwame.

MaiZuma_Kamba:
Ni dai shawarata kada a raba tsohuwa da zuma gaba ɗaya, a mayar da shi ƙaramin cokali ɗaya a yini, ranar da ta sha a auna bayan awa biyu ranar da ba ta sha ba ma a auna, jikinta zai faɗi gaskiya.

Nas_Hadiza_Yauri:
Wannan gwajin ban ƙi shi ba Alhaji amma ba yanzu da awo ke 200 ba, a bari ya sauka ya zauna tukuna kuma da sanin likitanta.

Baban_Khalifa_Suru:
To mu masu noman shinkafa mi za mu ci ke nan? Buhu na ɗaki, gero sai mun saya. Ɗan makaranta kai da Malam ku ba mu amsa, wadda anka turara ta gumi da wadda ba a turara ba wace ta hi sauƙi ga mai wanga ciwo?

Malamin_Bayoloji_Aliero:
Wadda aka turara kafin a sussuka ta fi jinkirin tada suga Baba, musamman in aka dafa ta warwara. Tuwo kuwa da ake dafawa har ta yi lugub a tuƙe ta, an riga an sauƙaƙa wa hanji aiki, shi ya sa ya fi saurin hawa. In an haɗa da wake an ƙara rage gudun.

Ɗan_Argungu01:
Duk na ji, amma Ummu Haidar ki tambayi kawun naku a hannun wa ya sayi zumar nan, don ni na san tsoho a unguwarmu da ke shan ta kullum kuma nasa awon bai taɓa kai 200 ba.